Tsani Daga Filin Ƙauye: Kafa Babbar Gasar Kurket ta 'Yan Sha'awa a Lardunan Ingila



Da farko muna miƙa godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai saboda damar da ta ba mu ta tsayawa gabanku a wannan maraice. Mun sani sarai cewa sa'ad da aka liƙa takardar sanarwar wannan jawabi, akwai waɗanda suka karanta suka yi murmushi, suka ce ina ruwanmu da kurket, balle kuma kurket na ƙauyukan Ingila. Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma wajibi ne mu amsa ta kafin mu shiga cikin magana.

Amsa ta fari ita ce, wasan nan ya daɗe a ƙasarmu fiye da yadda ake zato. Tun cikin 1904 aka kara tsakanin Ikko da Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, kuma kakanninmu da suka yi karatu a Kwalejin Katsina sun riƙe sandarsa. Nijeriya ta shiga Majalisar Kurket ta Duniya a 2002, a 2025 kuwa 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya da aka yi a Malesiya. Amsa ta biyu ta fi wannan nauyi. Yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure, in Allah ya kai mu, za su sami kansu a bayan tebur a wata ma'aikata, a ce musu su tsara hanyar ɗaga matsayin wani abu, ko makaranta, ko asibiti, ko wasanni. Abin da ya faru a Ingila daga 1997 labari ne na mutanen da aka ba irin wannan aiki, suka zaɓi su fara gyara daga sama. Nufinmu shi ne mu duba abin da suka samu da abin da ya kuɓuce musu.

Saboda waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba, ga bayaninsa a gurguje. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana wurga ƙwallo daga nisan yadi 22, yana neman ya kayar da wasu turaku uku da aka kafa. Mai duka kuwa yana tsaye gabansu da faffaɗar sanda, yana kare su, yana kuma neman ya kori ƙwallon nesa domin ya ci maki. Jifa shida a jere shi ne zubi ɗaya, kuma da zubi ake auna tsawon wasa. Akwai wasan da ake gamawa cikin awa uku, akwai na yini guda, akwai kuma na ƙasa da ƙasa wanda kan kai kwana biyar.

Ƙasar Ingila a rarrabe take lardi-lardi, kamar yadda Arewa take a da, kuma bisa ga lardunan nan aka gina wasan. A can ƙoli akwai ƙungiyar ƙasa. Ƙarƙashinta akwai larduna 18 masu 'yan wasa na albashi, 17 a Ingila, ɗaya a Wales, waɗanda gasarsu ta sami tsari na hukuma tun 1890. Lardin Durham ne na ƙarshen shiga cikinsu, a 1992. Sa'an nan a ƙasa akwai dubban kulob-kulob na birni da ƙauye, inda 'yan sha'awa suke wasa, watau mutanen da ba da kurket suke ci ba: malamin makaranta, da makaniki, da akawu, da manomi, waɗanda kan haɗu ran Asabar daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba. Su ne ke yanke ciyawar fili, su ne ke rubuta maki, su ne kuma ke tara kuɗin sayen ƙwallo. Maganarmu ta yau a kan waɗannan take, da kuma tsanin da aka yi ƙoƙarin kafawa tsakaninsu da larduna.

Domin mu gane abin da ya sa kafa babbar gasa ya zama abin jayayya, tilas ne mu koma baya kaɗan, gama Ingila ta daɗe da kurket iri biyu, na arewa da na kudu.

A arewa da tsakiyar ƙasa, inda masaƙu da maƙeru da ramukan kwal suke, wasan na leburori ne. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa aka riƙa tashi aiki da ƙarfe biyu na rana ran Asabar a masaƙu, sai ma'aikaci ya sami rabin yini nasa na kansa. Wanda ke da rabin yini kaɗai a mako kuwa yana so ya ga an fara wasa an gama, a san wanda ya ci. Daga nan ne gasa mai jerin maki ta samo asali. A 1888 aka kafa ta birnin Birmingham, wadda ita ce mafi tsufa, a shekarar da aka kafa gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Ta Lancashire ta biyo baya a 1892, ta Bradford a 1903. Mutane kan biya kuɗin ƙofa su shiga kallo, kuma a Lancashire kowane kulob yana da izinin ɗaukar ƙwararre guda ɗaya da zai biya. Ta haka ne Learie Constantine, mutumin Tirinidad, ya yi wa garin Nelson wasa daga 1929 zuwa 1937, suka ci gasar sau bakwai cikin shekara tara. Shi ne daga baya, a 1969, ya zama baƙar fata na farko a Majalisar Dattawan Birtaniya. Bayansa Everton Weekes ya zo Bacup, Garfield Sobers ya zo Radcliffe, Viv Richards ya zo Rishton a 1987. In ɗan wasa ya ci maki hamsin, akan zaga da akwati cikin 'yan kallo a tara masa tukuici. Amma fa gasannin nan a rufe suke. Ta Lancashire ta zauna da kulob 14, su ɗin dai, daga 1897 har 2016, ba mai shiga, ba mai fita, ko da kulob ya zo na ƙarshe shekara goma a jere.

A kudu, wajen Landan da kewayenta, al'amarin dabam ne. Can wasan yana hannun masu hali, waɗanda suka ɗauki neman kofi da lissafin maki a matsayin abin da bai dace da mutumin kirki ba. Wata haɗaɗɗiyar ƙungiya ta kulob-kulob ɗin kudu da aka kafa a 1915 ta hana 'ya'yanta shiga kowace irin gasa, sai dai wasan zumunci. Wannan ra'ayi yana da tushe mai zurfi, domin ko a larduna an daɗe ana bambanta ɗan wasa mai dukiya wanda ba ya karɓar albashi da talaka mai karɓa, har a wasu filaye kowa da ɗakin sa kayansa, kowa da ƙofar fitarsa. Sai a 1962 aka soke wannan bambanci. A 1968 wasu kulob-kulob na lardin Surrey suka yi ƙarfin hali suka kafa gasa, da bango ya tsage kuwa, kafin shekara goma gasanni sun bazu ko'ina a kudu.

To, ga halin da ake ciki a farkon shekarun 1990: gasanni barjat, kowace da shugabanninta da dokokinta, babu wadda ke ƙarƙashin wata. A lardi guda sai ka tarar da gasa uku ko huɗu, kowace tana cewa ita ce babba. Gwanayen 'yan wasa a warwatse suke cikinsu. Yaro mai hazaƙa ɗan shekara goma sha bakwai yana iya yin damina guda bai gamu da mai jifa na ƙwarai fiye da sau biyu ko uku ba, a kan filin da ƙwallo ke tsalle yadda ya ga dama. Ran da lardi ya kira shi gwaji, sai ya tarar da wata duniya wadda ba a shirya shi dominta ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya tayar da hankalin mahukunta shi ne kayen da ƙungiyar ƙasa ta yi ta sha a hannun Ostireliya. Ƙasashen biyu suna da daɗaɗɗiyar karawa da suke kira Ashes, watau toka, kuma daga 1989 Ostireliya ta ci sau takwas a jere. Da Turawan Ingila suka duba, sai suka ga Ostireliya, wadda mutanenta ba su kai rabin nasu ba, tana da jihohi shida kaɗai a babbar gasarta, ƙarƙashin kowace kuma akwai gasar kulob guda ɗaya mai ƙarfi a babban birni. Ta birnin Sidni tun 1893 take. Can akan raba wasa ɗaya a Asabar biyu, mai duka ya koyi tsayawa awa huɗu ko biyar, kuma ɗan wasan ƙasa in ya sami sarari yakan koma kulob ɗinsa ya yi wasa tare da yara. Matakalar a bayyane take, daga unguwa har ƙungiyar ƙasa.

Ran 1 ga Janairu 1997 aka haɗe hukumomin da ke kula da wasan a da, aka kafa Hukumar Kurket ta Ingila da Wales, wadda ake kira ECB a taƙaice. Wannan ne ya sa 'yan albashi da 'yan sha'awa suka koma ƙarƙashin inuwa ɗaya. Aka ba Lord MacLaurin shugabancinta, mutumin da ya yi suna wajen shugabancin kantunan Tesco. A watan Agusta na wannan shekara ya fito da rahoto mai suna "Raising the Standard", ma'ana ɗaga matsayi. Cikin shawarwarinsa akwai cewa a kafa babbar gasa, watau Firimiya, a kowane lardi ko yanki, a tattara kulob-kulob mafiya ƙarfi a ciki, domin a cike gurbin da ke tsakanin filin kulob da filin lardi.

Ba a ba da wannan suna kyauta. Duk gasar da ke son a kira ta Firimiya sai ta cika sharuɗɗa. Na ɗaya, rukunin sama ya zama ƙarami, galibi kulob 10 ko 12, domin gwani ya riƙa gamuwa da gwani kowane mako. Na biyu, a buɗe ƙofa: wanda ya zo ƙarshe ya sauka, zakaran gasar da ke ƙasa ya hau, yadda ƙaramin kulob na ƙauye zai iya hangen hanya har sama. Na uku, fili da kayan aiki su kai wani matsayi, kuma alƙalan wasa su zama 'yan ba-ruwanmu, su riƙa ba filin maki bayan kowane wasa. Na huɗu, kowane kulob ya riƙe sashen yara, da masu koyarwa waɗanda suka sami horo. Na biyar, a tsawaita wasa. Abin da aka so tun farko shi ne na kwana biyu irin na Ostireliya. Hukuma kuwa ta yi alkawarin tallafin kuɗi ga gasar da ta amince.

Gasar Birmingham ce ta fara karɓar sunan, a 1998. A 1999 wasu da dama suka biyo, kamar ta Surrey, da ta Kent, da ta Middlesex, da ta Yorkshire. Inda lardi ɗaya ba shi da isassun kulob masu ƙarfi sai aka haɗa larduna, kamar yadda aka yi a gabashin ƙasar, aka tara Norfolk da Suffolk da Cambridgeshire da wani ɓangare na Essex, haka kuma a yamma aka tara Bristol da Somerset da Gloucestershire da Wiltshire. Yankin Liverpool da arewa maso gabas suka shigo a 2000. A hankali adadin ya kai wajen talatin a Ingila da Wales.

Amma tsofaffin gasannin arewa suka ƙi, kuma dalilansu sun cancanci a saurare su. Suka ce ƙarfinsu yana cikin maƙwabtaka: Nelson da Colne garuruwa ne da ke manne da juna, ran da suka haɗu mutane da ƙafa suke zuwa, a cika fili, a sayi shayi da abinci, kulob ya sami abin biyan ƙwararrensa. In aka ce a bar wannan a tafi wani gari mai nisa inda ba a san kowa ba, wa zai bi? Suka ce kuma ma'aikacin da ke da iyali ba zai iya ba da Asabar ɗinsa tun safe har dare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hujjarsu ta ƙara ƙarfi da James Anderson, wanda ya fito daga kulob ɗin Burnley na gasar Lancashire, ya shiga ƙungiyar ƙasa a 2002, ya yi ritaya daga wasan ƙasa da ƙasa a 2024 bayan ya fitar da masu duka 704 a wasannin kwana biyar, adadin da babu wani ɗan Ingila da ya kai. Gasar da ta ƙi shiga tsarin ita ce ta haifi mai jifa mafi girma na zamanin.

Duk da haka, zamani ya yi halinsa. A 2016 aka sake fasalin lardin Yorkshire, gasar Bradford ta karɓi sunan Firimiya bayan shekaru tana waje. Gasar Lancashire ta buɗe ƙofarta a 2017, ta kai kulob 24 a 2018, daga 2019 ta rabu rukuni biyu mai hawa da sauka. Maƙwabciyarta ta tsakiyar Lancashire, inda Sobers ya yi wasa, ta yi kakarta ta ƙarshe a 2015, bayan shekara fiye da 120.

Yanzu sai mu zo ga lissafi. Me aka samu? Lalle an sami abubuwa na zahiri. Filayen manyan kulob sun gyaru, domin filin da alƙalai suka yi ta ba maki kaɗan yana iya jawo wa kulob ɗinsa hukunci. Sharaɗin sashen yara ya tilasta wa kulob-kulob da a da ba su damu ba su nemi masu koyarwa. Wasu larduna, kamar Yorkshire da Durham da Hampshire, suka shigar da ƙungiyoyin matasansu cikin gasannin, yara suka riƙa karawa da manya. Buɗe ƙofa kuma ya kawo adalcin da babu shi a da, gama kulob ba ya zama a sama don kawai kakanninsa suna nan ran da aka kafa gasa.

Sai dai mu yi hattara da wani kuskure da masu tsara manufa kan yi, na jingina kowace nasara ga shirinsu. Gaskiya ne Ingila ta karɓe Ashes a 2005. Amma kafin nan an ɗauko Duncan Fletcher ya zama mai horarwa a 1999, an raba gasar larduna rukuni biyu a 2000, a wannan shekara kuma hukuma ta fara ɗaukar 'yan wasan ƙasa a kan albashinta domin ta riƙa hutar da su, sa'an nan aka buɗe makarantar horo ta ƙasa a 2001. Waɗannan sun fi kusa da nasarar fiye da gasar 'yan sha'awa, wadda a lokacin ba ta wuce shekara bakwai ba.

Me kuma ya kuɓuce? Abu na farko da ya faɗi shi ne wasan kwana biyu. An gwada shi a wasu wurare, bai ɗore ba, domin mutumin da ya zo wannan Asabar ba lalle ne ya samu zuwa ta gaba ba, ga kuma ruwan saman Ingila da ba ya jin roƙo. Aka koma wasan yini guda mai tsawo, daga baya gasanni da yawa suka mai da rabin kakarsu ko dukkanta zuwa zubi 50 ga kowane ɓangare. An kwaso tsarin Ostireliya ba a kwaso rana da biranenta ba, alhali kuwa can kulob-kulob duk a birni ɗaya suke.

Abu na biyu shi ne nauyin da aka ɗora wa 'yan sha'awa. Mu ɗauka ga wani makaniki mai mata da 'ya'ya biyu, kulob ɗinsu ya hau Firimiya. A da yakan fita bayan azahar ya dawo da magariba. Yanzu sai ya fita da hantsi, ya yi tafiya zuwa wani lardi, ya dawo bayan yara sun yi barci, haka kowace Asabar har wata biyar. Shekara biyu ko uku sai ya haƙura, kulob ya rasa dattijon da yara ke koyo a wurinsa. Gasar Birmingham da kanta, wadda ta fara shiga tsarin, daga 2019 ta rage kanta zuwa rukuni biyu, ta mai da sauran kulob-kulob gasannin lardunansu.

Abu na uku shi ne kuɗi. Da zarar an ce wanda ya zo ƙarshe zai sauka, tsoro ya shigo, tsoro kuwa shi ke buɗe aljihu. Kulob mai attajiri a bayansa sai ya riƙa jawo gwanayen maƙwabta da kuɗi, a bayyane ko a ɓoye, a gasar da aka ce ta 'yan sha'awa ce. Ƙaramin kulob ya yi renon yaro tun yana ɗan shekara tara, ran da ya nuna alamar gwaninta sai a ce masa in yana son lardi ya gan shi, ya koma kulob ɗin Firimiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Binciken hukumar ECB ya nuna masu wasan sha'awa sun ragu daga 908,000 a 2013 zuwa 844,000 a 2014. Ba daidai ba ne a ɗora wa Firimiya alhakin wannan ita kaɗai, domin tun daga 2006 aka mai da wasannin ƙasa tashar talabijin ta kuɗi, yaran talakawa suka daina ganinsu a gida. Amma adadin ya nuna cewa sa'ad da ake gyaran soro, gindin gini yana zaizayewa.

Abu na huɗu shi ne mafi girma, kuma shi ne zuciyar jawabinmu. An kafa tsani, to, wa ke hawansa? Cikin shekarun nan larduna sun koma zaɓen yara tun suna ƙanana, su sa su cikin ƙungiyoyinsu na shekara-shekara, saboda haka yawancin waɗanda za su zama 'yan albashi an riga an san su kafin su taka filin Firimiya. Zaɓen kuwa yakan faɗa kan yaron da ke da fili da mai koyarwa a makarantarsa, da uban da ke da mota da kuɗin kaya. Wani kwamiti mai zaman kansa, a ƙarƙashin Cindy Butts, ya fito da rahoto a watan Yuni 2023, ya ce kashi 58 cikin ɗari na mazan da suka yi wa Ingila wasa a 2021 makarantun kuɗi suka yi, alhali kashi 7 cikin ɗari kaɗai na jama'ar ƙasar ke zuwa irin waɗannan makarantu. Ko Joe Root, wanda ya taso a kulob ɗin Sheffield Collegiate, da Harry Brook, ɗan kulob ɗin ƙauyen Burley, sai da kowannensu ya sami gurbin karatu a makarantar kuɗi yana saurayi. Kafin wannan, a 2018, hukumar da bakinta ta ce mutanen da asalinsu Indiya ne da Pakistan da maƙwabtansu su ne wajen sulusin masu wasan sha'awa, amma kashi 4 cikin ɗari ne kaɗai na 'yan albashi. Da yawansu a filayen shaƙatawa na gari suke wasa, cikin gasannin da suka kafa wa kansu, irin ta Quaid-e-Azam a Bradford, waɗanda ba su cikin tsanin. Moeen Ali da Adil Rashid sun kai ƙoli, amma ƙarancin irinsu shi ne abin tambaya.

Adalci ne mu ce hukumar ta farga. A 2017 ta fito da shiri na yara 'yan shekara 5 zuwa 8 a kulob-kulob. Tun 2005 wata ƙungiyar agaji mai suna Chance to Shine take kai wasan makarantun gwamnati. A 2020 Ebony Rainford-Brent, baƙar mace ta farko da ta yi wa Ingila wasan kurket, ta kafa wani shiri a Surrey domin jawo yaran baƙar fata. Abin lura shi ne, shirin ƙananan yara na hukumar ya zo ne shekara ashirin bayan rahoton MacLaurin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma an fara da busasshe.

Malam Shugaba, kada a fahimce mu da cewa kafa Firimiya kuskure ne. Ra'ayinmu shi ne an yi abin da ya kamata, amma an tsaya a rabin aiki. Tara gwanaye wuri ɗaya yana ɗaga matsayin waɗanda aka tara, wannan ba shakka a cikinsa. Sai dai babbar gasa ba ta haihuwar 'yan wasa, tacewa take yi, kuma abin da aka zuba mata daga ƙasa shi za ta tace. Da an ce duk kulob ɗin da ya ɗauke yaro ya saka wa wanda ya rene shi, da an raba tallafi yadda ƙaramin kulob zai sami rabonsa, da an jawo gasannin filayen gari cikin tsari tun farko, da mun fi yabawa.

Ga 'yan'uwanmu da za su riƙe alƙalami a ma'aikatu gobe, muna roƙon ku tuna da wannan labari ran da aka kawo muku takardar kafa makarantar haziƙai, ko babban asibiti, ko gasar zakaru. Irin wannan shiri yana da daɗin rubutawa, domin akwai ranar buɗewa, akwai kintinkirin yankawa, akwai sunan da za a sa a allo. Kafin ku sa hannu, ku yi tambaya uku. Wa zai ɗauki nauyin sharuɗɗan da aka gindaya, hukuma ko mutanen da ke aiki ba lada? Me za a mayar wa na ƙasa a madadin abin da za a ɗebe daga wurinsu? Sa'an nan ɗan wanda ba kowa ba, daga ƙauyen da ba a san sunansa ba, ta wace ƙofa zai shiga? Ga masu kula da kurket a ƙasarmu kuwa, waɗanda 'yan matansu suka nuna abin da za a iya, fatanmu shi ne duk ran da za su tsara tasu babbar gasa ta kulob-kulob, su fara ƙidaya filayen makarantun da ke da sanda da ƙwallo.

 Inda muka yi daidai, daga Allah ne. Inda muka yi kuskure, muna sauraron gyara daga malamanmu da sauran 'yan'uwa a lokacin tambayoyi.